Yaya Rafi'atu da Shinkafar Cikin Ganye

Duk wanda ya zauna a titin Grand Concourse na Bronx a 'yan shekarun nan da suka wuce, in dai yana jin Hausa, to ya ci wainar Yaya Rafi'atu. In bai saya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ba, an kai masa a gidan suna ko a sadakar arba'in. Amma ka tara mutanen nan duka ka tambaye su, wa ya taɓa ganin Yaya Rafi'atu tana tauna wani abu a cikin jama'a? Wallahi ba za ka samu ba. Ni kaina da muke hawa ɗaya a gidan bene, ƙofa tana kallon ƙofa, sai da muka yi shekara da shekaru kafin ta yarda ta sa hannu a kwano ɗaya da ni. Shi ma don na rantse in ba ta ci ba na daina taka ɗakinta.

Sunana Zuweira, kitso nake yi a Harlem. 'Yar Fagge ce ni, kuma bakina ba ya ajiye magana ta kwana. Ita kuwa 'yar Malumfashi ce, goyon kaka, irin tsofaffin nan da ke ganin ko dariya da ƙarfi rashin tarbiyya ce. Yadda aka yi muka zama aminai, ni ma ban sani ba. Yanzu ta koma gida, wasu 'yan Dominika ne a ɗakin nata, amma har yau in na buɗe ƙofa da safiyar Juma'a sai hancina ya nemi ƙamshin man gyaɗa a kan tanda. Ina kewarta ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Bin miji ne ya kawo ta New York. Malam Alhassan mutumin Funtuwa ne, yana aikin gwajin jini a wani asibiti a nan Bronx. Ita ta zaɓe shi, ta kuma jira shi har ya gama karatu. Ta sauka da yaro ɗaya a hannu, Abdulwahab, da tandar ƙasa naɗe cikin zannuwa a tsakiyar akwati. Tandar nan ba ta daɗe ba, murhun gas ya fasa ta tun a sanyin farko. Ta ce mini ranar ta yi kukan da ba ta yi ba lokacin da ta bar Malumfashi. Daga baya aka aiko mata da ta ƙarfe daga Kano. A nan ta haifi Shamima. Da Malam Alhassan ya rasu, wainar da take rabawa kyauta ta koma sana'a, da ita ta riƙe gida har yaran suka gama makaranta. Shinkafa kam ta san ta. Ta murza ƙwaya a tsakanin yatsu ta ce maka wannan za ta tashi, wannan kuwa ko ka kwana kana roƙonta ba za ta tashi ba.

Abdulwahab ɗan fari ne, saboda haka sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" take cewa. In tana son ya sauko da buhu daga kan kabad, sai ta dubi Shamima ta ce, "Ki gaya wa yayanki," alhali ga shi nan tsaye a gabanta. Malaman makarantarsa sun daɗe suna zaton gwaggonsa ce. Ranar da ya gama jami'a ya rungume ta a gaban mutane, na ɗauka ƙasa za ta tsage ta shige. Amma ni da nake ƙofa da ita na san wa ake ware wa wainar farko mai laushi, a rufe a ajiye, a ce wai ragowa ce.

A shekarar dubu biyu da sha biyar yaron nan ya ga yarinya. Sunanta Ratih, nas ce, iyayenta mutanen Indunusiya ne mazauna Elmhurst can Queens. Tun suna jami'a suka san juna a wajen tafsirin ɗalibai. Da yake ya san uwarsa, bai tunkare ta ba, ni ya samu a shago ina tsakiyar kai.

"Anti Zuweira, ke za ki faɗa mata."

Na tsallaka ƙofa da yamma na faɗa mata. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tana salla?"

"Tana yi."

"To Allah Ya sa alheri. Ni ina ruwana."

Ina ruwanta! Washegari ina jin ta ta bango tana 'yan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa tana wanke shinkafa, abin da ban ji ba tun rasuwar Malam.

Maza suka yi nasu. Limaminmu da abokan Malam Alhassan biyu suka tafi da goro da alawa, uban yarinya ya karɓe su hannu bibiyu, duk da an ce ya gutsuri goron ya yi ta neman ruwa. Sai dai a gidan nan magana ba ta ƙarewa sai ta bi ta wajen uwa. Ibu Marni ake ce mata. Ibu a wajensu kamar mu ce Inna ne ko Hajiya. Ita ta ce ta ga yaro, ta ga dattawa, saura uwar da 'yarta za ta zauna a ƙarƙashinta.

Da na kawo wannan saƙo, Yaya Rafi'atu ta ajiye muciya.

"Uwa ta je gidan surukan ɗanta? Ɗan fari? Zuweira, a ina aka taɓa yi?"

"A New York za a fara."

"Ke ki je. Ai ke ma uwa ce."

"Ni sun ce suna son gani? Haba Yaya! Gwaggonsa an hana ta biza, kawunsa yana Funtuwa. Ke kaɗai gare shi a ƙasar nan. In ba ki je ba, wa zai je, Shamima?"

Na yi ta yi da ita har ta gaji da bakina ta yarda.

Wata ranar Lahadi muka tafi mu huɗu, ni da ita da yaran biyu. Gidan ƙarami ne, tsaf-tsaf, takalma jere a bakin ƙofa kamar namu, ƙamshin kwakwa ya cika ko'ina. Ibu Marni 'yar gajeruwa ce mai zafin nama, ta daɗe tana aiki a kicin ɗin wani gidan abinci, hannuwanta duk tabon ƙuna irin na Yaya Rafi'atu. Na lura sun kalli hannun juna kafin su kalli fuska. Aka zaunar da mu a kan kafet, aka gaisa, aka ƙara gaisawa. Can sai ga Ibu da faranti babba, an jera wasu ƙulle-ƙulle na ɗanyen ganye, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, an soke bakinsa da tsinke. Na ce a raina, ikon Allah, ashe su ma suna tubani.

Ratih ce ta yi bayani da Turanci, Shamima tana juyawa da Hausa, don Yaya in kunya ta kama ta Turancinta gudu yake yi. Sunansa lemper. Wata shinkafa ce mai danƙo, a turara ta da madarar kwakwa, a sa kaza a tsakiya an yayyage ta kamar dambun nama, a naɗe a ganyen ayaba a mayar kan tururi. Ta ce a garinsu shi ake fitarwa in za a haɗa gida biyu, don a manne da juna yadda shinkafar take mannewa. Ta ce mamanta takan saya ne in baƙi za su zo, amma wannan da hannunta ta yi, har ganyen ita ta je ta zaɓo.

Ni dai ban jira an ce mini sau biyu ba. Na zare tsinke na kai baki. Tabɗi! Ga gishiri-gishiri, ga maiƙon kwakwa, ga ƙamshin ganye ya ratsa shinkafar. Ban san lokacin da na fara ba su labarin kasuwar Kantin Kwari ba, wanda babu wanda ya tambaye ni. Shamima ta sunkuyar da kai tana dariya, ta ce, "Anti, santi."

Yaya Rafi'atu kuwa kanta a ƙasa, hannuwa a cinya. Ibu ta tura mata farantin.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya.

Ibu ta yi murmushi, da alama ma abin ya burge ta. Daga baya Ratih ta gaya mana a wajensu baƙo mai tarbiyya sai ya ƙi sau ɗaya ko biyu kafin ya miƙa hannu. Wato ni ce na nuna rashin tarbiyya, oho dai. Ibu ta sake turawa, Yaya ta sake godiya. A na uku sai Ibu ta ɗauki guda da kanta, ta warware ganyen, ta ɗora a kan ɗan faranti, ta ajiye daidai gwiwar Yaya, ta riƙe da hannu biyu tana jira.

Ku duba inda aka saka baiwar Allah nan. Ga suruka a gabanta, ga yarinyar da za a aura, ga uwa uba yaron nan zaune yana kallonta. Ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Na gode, na ƙoshi."

Na mintsine ta a cinya har sai da yatsana ya yi zafi. Ko motsi ba ta yi ba. Shayin da aka zuba mata ma haka ya huce. Murmushin Ibu bai bar fuskarta ba, amma ni mai kitso ce, kullum fuskokin mata nake kallo a madubi, na ga lokacin da abin ya mutu. Aka ƙarasa hira sama-sama. Da za mu tafi Ratih ta ƙulla mini sauran a leda, wanda aka warware kuwa yana nan a kan faranti inda aka ajiye shi.

A cikin jirgin ƙasa, a hanyar komawa, Abdulwahab ya koma can nesa ya tsaya. Yaya ta matso kusa da ni, fuskarta fes.

"Mutanen kirki ne, Zuweira. Ina fata dai ban yi abin kunya ba."

Wayyo Allah. Ita a ganinta ta fita kunyar surukai, ta ba matar nan girma mafi girma da ta sani.

Muna isa gida, yara suka shige, ta biyo ni ɗakina ta rufe ƙofa.

"Ina ƙullin nan?"

Na miƙa mata ina harararta. Ta warware ɗaya, ta daɗe tana shinshina ganyen kafin ta ci. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce kakarta a irin wannan ganye take ƙulla alala, ana kawo mata shi daga lambu, tun kafin gwangwani da leda su zo su lalata komai. Ta ce rabonta da wannan ƙamshi tun tana 'yar yarinya tana fifita wuta a gindin tukunya. Ta gutsura, ta tauna a hankali kamar mai sauraron wani abu.

"Sau biyu aka turara shinkafar nan. Kin ji ba ta caɓe ba, kuma ba ta da tsakiya. Matar nan ta iya, hannunta yana da albarka."

"To me ya hana ki faɗa mata haka da bakinki cike?"

"Ke dai ba ki da ta ido," in ji ta, ta miƙa hannu ta ɗauki wani.

Ba a yi mako ba saƙo ya zo. Ibu Marni ta ce a dakata da maganar sa rana. Abdulwahab ya je ya yi bayani, Ratih ta yi, ni ma na karɓi waya na zuba Turancina na shago, na ce al'ada ce, girmamawa ce, a wajenmu suruka ba ta ci a gaban suruka. Ibu ta saurara har na gama. Ta ce ta ji, kuma ba fushi take yi ba. Amma ita ta zauna da uwar miji da ke ture mata kwano, ta san abin da hakan ke yi wa zuciyar yarinya a gidan da ba nasu ba. Ta ce 'yarta za ta yi ta girki a cikin danginmu har ƙarshen ranta, ga shi ba ta jin yarenmu, abinci ne kaɗai bakin da za ta yi magana da shi. Wadda ba ta ci daga hannunta ba, ba za ta ba ta 'ya ba.

Na so in ji haushinta, wallahi na so. Na kasa.

Yaya ta yi abin da ta iya. Ta kwana da ƙullu, ta soya waina irin wadda ko a Sallah ba ta yi, ta yi miyar taushe da kan rago, ta cika kula ta ba Shamima ta kai Elmhurst. Shamima ta dawo da kular cike da lemper. Ta ce Ibu ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe a nan bakin ƙofa, a tsaye, ta ci waina a gabanta har da lashe yatsa. Sannan ta ce a gaya wa Yaya ita ta ci wainarta a gaban Shamima, tana jira.

Ranar Alhamis da yamma, ina ɗakina ƙofa a buɗe, na ji Abdulwahab ya shiga kicin ɗin uwarsa. Tana kan tanda, tana soya na gwaji. Hausarsa irin ta yaran nan ce, rabi da rabi, amma ranar da Hausa ya yi.

"Mama, loma ɗaya ce fa."

Ta cikin ƙarar mai na ji muryarta.

"Shamima, ki gaya wa yayanki ya yi haƙuri, Allah zai kawo mafita."

"Shamima ba ta nan, Mama. Ni ne a nan. Ki gaya mini da kanki."

Sai na ji ya ci gaba.

"Tun ina yaro ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Abokaina suna tambayata ko ba ke kika haife ni ba. Ban taɓa cewa komai ba, na san kina sona. Amma ita ba ta sani ba. Ta yaya za ta sani?"

Ya fito ya wuce ni ko gaisuwa babu, ya bi matakala bai jira lifta ba. Sai na ji ƙauri. Ban taɓa jin wainar Yaya Rafi'atu ta ƙone ba sai ranar.

Na shiga da niyyar in wanke ta tas, na kuwa fara. Na ce yaro zai rasa mata a kan loma, na ce nan Amurka ce ba Malumfashi ba, na ce wannan ba kunya ba ce taurin kai ne. Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji. Ta kashe wuta, ta zauna a kan bokitin shinkafa.

"Zuweira, na zauna da mahaifiyar Malam a Funtuwa kafin mu taho. Ban taɓa ganin ta tana ci ba, ba ta taɓa ganina ba. Da na haifi yaron nan na sha wuya, na kwanta. Kullum da asuba sai ta dama kunun kanwa da hannunta, ta ajiye a bakin ƙofata, ta yi gyaran murya, ta tafi. Ba ta taɓa shigowa ta ce sha ba. In ta dawo ta tarar da kwano babu komai, sai in ji tana hamdala a tsakar gida. Ni wannan shi ne son da na sani. Da shi aka so ni, da shi na so kowa." Ta goge ido da bakin zani. "In na buɗe baki na tauna a gaban matar nan, ji zan yi kamar na kwance zanina a kasuwa. Kuma ji zan yi kamar na ce wa tsohuwar nan duk abin da ta yi mini ba komai ba ne."

Da ƙyar na ce, "To Yaya, ki zaɓa," na fita, don kada ta ga nawa hawayen.

Makonni suka yi ta wucewa. Abdulwahab ya daina zuwa ɗaukar mata kuloli ranar Juma'a, ni da Shamima muke ja har masallaci. In ya shigo gidan sai ya wuce ɗakinsa. Yaro ya rame, wuya ya fito. Wainar farko tana nan ana rufe masa, da safe a tarar da ita yadda aka ajiye. Azumi ya zo ya same mu a haka, ya kuma wuce. Bayan Sallah sai Shamima ta kawo labari wai Ibu za ta tafi da Ratih gida Indunusiya ta ɗan huta wajen dangi, ba a faɗi ranar dawowa ba. Duk mun san ma'anar wannan hutu.

Lahadin da ta biyo, da hantsi, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Yaya Rafi'atu ce, ta sha atamfarta ta Sallah, ta yafa babban gyale.

"Ki raka ni Queens. Ban san inda ake canza jirgi ba."

"Yaran sun sani?"

"In kin faɗa musu na fasa."

Muka hau jirgin layin D, muka canza, muka sauka. Carbi kawai take ja. Na ba ta ruwa ta girgiza kai, ashe ko karyawa ba ta yi ba.

Ibu Marni ce ta buɗe ƙofa da kanta, hannunta jiƙe. Mijinta ya fita, Ratih tana wajen aiki. Ta dube mu, ba ta nuna mamaki ba, ta matsa muka shiga. Wannan karon ba falo ta kai mu ba, kicin ta wuce da mu. Tukunya tana kan wuta tana huci, ga ganyen ayaba a yanke a kan tebur, ga tsinke a kofi. Na ce mata mun yi sa'a mun zo ranar da take yi. Ta ce ba sa'a ba ce, tun zuwanmu na farko kowace Lahadi sai ta yi, in yamma ta yi ta raba wa maƙwabta.

Yaya ta ji wannan, ba sai an juya mata ba. Na ga carbin ya tsaya a hannunta.

Kicin ɗin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru biyu. Ibu ta zaunar da ita, ta kwaso masu zafi a faranti ta ajiye a tsakiya, ta zauna a ɗaya kujerar suna fuskantar juna. Ba ta ce ci ba, ba ta tura farantin ba. Yaya ta yi bismilla a hankali, ta miƙa hannu. Ta zare tsinke, ta warware ganye, ta ɗaga har kusa da baki. Sai ta tsaya. Ta sauke, ta sake ɗagawa, ta sake saukewa.

Na buɗe baki zan yi magana, Ibu ta ɗaga mini yatsa ɗaya ta nuna mini ƙofa. Ni Zuweira, aka kore ni da yatsa, na kuma fita. Amma ban yi nisa ba, na laɓe a bakin falo inda nake hango su.

Can sai na ga Yaya ta miƙe tsaye. Na ce shi ke nan, tafiya za ta yi. Sai ta kama kujerarta ta juya ta, ta kai ta jikin bango kusa da firij, ta zauna ta ba Ibu baya, goshinta ya kusa taɓa bangon. Ta ja gyale ta lulluɓe kanta. Innalillahi, na ce a raina, an zo gyara an ƙara ɓatawa, wa ke ba matar gida ƙeya a cikin kicin ɗinta?

Ibu ba ta motsa ba. Tukunya tana ta huci. Sannan na ga gyalen yana motsi daidai muƙamuƙi. Kafaɗunta suna rawa, kuka take yi, kuma tana taunawa. Ta daɗe a haka. Daga nan hannunta ya fito ta baya, riƙe da ganye, babu komai a cikinsa.

Ibu ta karɓi ganyen, ta dube shi, ta shafa shi da tafin hannu ta ajiye a kan tebur. Ta goge ido da gefen hijabinta. Sai ta tashi, ta kama tata kujerar ta juya, ta ja ta har bayanta ya taɓa bayan kujerar Yaya, ta zauna tana kallon tukunya. Ta ɗauki lemper guda ta warware tana ci. Ta ɗauki wani ta miƙa ta bayan kafaɗa ba tare da ta waiwaya ba. Hannun Yaya ya lalubo ya karɓa.

Haka suka zauna, baya da baya, kowa tana ci tana jan hanci, ni kuma ina bakin falo na cusa gyale a baki.

Can Ibu ta yi magana da Turancinta mai tsalle-tsalle, har yanzu tukunya take kallo. Ta ce su a wajensu ba su da zaɓi, amma mu a wajenmu wace rana ce ta fi kyau a ɗaura aure?

Na san ba a tambayar uwa ranar auren ɗan fari. Na ɗaga ƙafa zan shiga in amsa mata. Kafin in taka, na ji muryar Yaya Rafi'atu daga cikin gyale, bakinta cike, tana fuskantar bango.

"Asabar," ta ce.